Dattin da Ba a Gogewa

Duk wanda ya taɓa zama a layin da ke bayan tashar mota ya san Baba Tsaf, ko da bai taɓa kai masa wanki ba. Shagonsa ne na ƙarshe kafin kwalbati: ɗaki mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, da teburin guga da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, da igiyoyin shanya a baya. Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa daga bakin mutane. Kalmar da yakan faɗa duk sa'ad da ya ninke riga ya ɗora tafin hannunsa a kanta, ita ce ta bi shi har ta zame masa suna, shi kuwa bai taɓa ƙinta ba. Abin da ya ƙi shi ne a kira shi mai wanki. Baƙon da ya yi wannan kuskure sai ya yi ta sallama a bakin ƙofa kamar yana magana da bango, har wani ya raɗa masa sunan da ake amsawa.

Ba gadon wanki ya yi ba. Ubansa ɗan dako ne, ya rasu tun shi bai mallaki hankalinsa ba, aka miƙa shi ga kawunsa, wanda ke wanki a wannan shagon. Kawun mutum ne mai saurin hannu da kaifin harshe, amma ya san aikinsa. A wurinsa Tsaf ya koyi rarrabe tabon man inji da na tsatsa, da na tawada da na jini, da wanda ake kai wa ruwan zafi da wanda ruwan zafi ke zaunar da shi har abada. Darasi ɗaya kawun ya cusa masa da ranƙwashi har ya shiga jininsa: tabo abokin gaba ne, duk inda ka gan shi ba a yi masa sallama. Har ya tsufa, ba ya fita sai da farin tsumma a aljihu, a ninke, kuma ba ya iya wuce tagar mota mai ƙura bai ji hannunsa na ƙaiƙayi ba.

A cikin layin yana alfahari da sana'arsa, har yakan ce wuyan riga ba ya ƙarya, shi ya san wane ne mai tsafta a garin nan da wane ne turare kawai ke rufa wa asiri. A gaban 'yan boko ne kafaɗarsa ke sauka. Asalin abin kuwa wani taron iyaye ne a makarantar ƙaramar 'yarsa. Ya je da farar rigarsa, ya zauna a sahun gaba, sai wani malami ya gane shi, ya ɗaga murya daga kan dandamali ya ce ashe mai wankinsu ma uba ne a nan, ya ƙara da cewa wandon da ya kai ranar nan a rage masa sitaci. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma dariya dai dariya ce. A hanyar gida ya ce wa yarinyar daga yau duk wanda ya tambaye ta aikin ubanta, ta ce harkar tufafi yake yi. Ba ƙarya ba ce, in ji shi, gaskiya ce da aka yi wa guga.

Yarinyar ita ce Auta a bakin kowa, shi kaɗai ke ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Yayyenta maza sun kama sana'o'i sun watsu, uwarsu ta rasu tana 'yar ƙarama, sai gidan ya rage daga shi sai ita. Saboda ita ya yi karatu. Takan kawo masa sakamakon jarrabawa ya riƙe ya daɗe yana kaɗa kai kamar alƙali, har ranar da ta miƙa hannu a hankali ta juya masa takardar, don a kife ya riƙe ta. Mako bai zagayo ba ya shiga ajin manya, furfura ta riga ta ci rabin gemunsa. Ya koyi karatu da rubutu a harshensa, yana motsa leɓe yana bin baƙi da yatsa. Harshen da ake karatun jami'a da shi kam bai kai gare shi ba. Da yake shi ne babba a ajin, shi malamin ya ba girman goge allo bayan kowane darasi, ya kuwa riƙe wannan girma da hannu biyu: ba busasshen gogewa yake yi ba, wanke allon yake yi da jiƙaƙƙen tsumma har kusurwa, sai ya yi baƙi wuluk kamar sabo.

Auta ta yi ta hawa har ta shiga jami'a, ta gama, aka riƙe ta don ta yi babban digiri a ƙarƙashin wani farfesa. Wata ranar hutu suna ninke zanin gado a bayan shago, shi da kusurwa biyu ita da biyu, ya tambaye ta wai shin me take karantawa ne da ya ƙi ƙarewa haka.

Ta yi ƙoƙari ta sauko da abin inda zai kama. Ta ce duk wani abu na duniya an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin zarra, kuma wasunsu suna da hali irin na 'yar allurar maganaɗisu, kowace tana iya fuskantar sama ko ƙasa, wani lokaci ma ta haɗa biyun a lokaci guda, abin da ta ce kada ya wahalar da kansa a kai, don su ma malaman kansu yana ɗaure musu kai. Idan aka jera su a layi ɗaya kamar sarƙa, aka ɗora saƙo a kan ta farko, sai ta miƙa wa maƙwabciyarta, ita ma ta miƙa gaba, har ya isa ga ta ƙarshe ba tare da an ja waya ba. Ya ce ya gane, kamar yadda ake jeruwa ana miƙa bokitin ruwa ranar gobara. Ta ce to haka. Sai dai, in ji ta, ba a taɓa samun jerin da ya zama iri ɗaya zalla ba. Kullum akwai wata baƙuwar ƙwaya da ta shigo ciki, wadda ba irinsu ba, kuma idan saƙo ya iso kanta yana iya tsayawa, ko ya koma baya, ko ya isa a gurguje rabinsa ya zube. Aikinta shi ne ta lissafa irin ɓarnar da baƙuwar nan ke yi, da yadda ɓarnar ke sauyawa idan aka matsar da ita daga tsakiya zuwa gefe.

Ya tambaye ta yaya sunan wannan baƙuwa a littattafansu. Ta faɗi wata kalma da bai iya maimaitawa ba, ya ce ta fassara. Ta ɗan yi dariya ta ce idan za a fassara kai tsaye, to datti ke nan. Karatun datti take yi.

Kusurwar zanin ta suɓuce daga hannunsa ta taɓa ƙasa, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Ya sunkuya ya ɗauka ya karkaɗe, bai ƙara tambaya ba. A ransa kuwa cewa yake yi, ashe duk tsayuwar nan da ya yi a kan baho har ƙafafunsa suka kumbura, don ya raba ta da datti, dattin ta je ta tarar a can ma, an sa masa riga da hula.

Da yamma dattawan layin sukan zauna a kan benci a ƙofar shagon Tela, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Duk sa'ad da aka tambayi Baba Tsaf karatun Auta, sai ya gyara zama ya ce wata irin wayar sadarwa suke ƙerawa wadda ba ta bukatar waya ko turke. Tela yakan ce in sun gama a haɗa shi da lahira ya gaisa da surukarsa, ya ji ko ta huce. A yi dariya a wuce. Kalmar nan dai ba ta taɓa fita daga bakin Baba Tsaf ba.

Sau da yawa Auta ta roƙe shi ya zo ya ga inda take aiki, yana kawo uzuri. Da jarrabawarta ta ƙarshe ta matso, wadda manyan malamai za su zo daga wasu jami'o'i su yi mata, sai ya ce kayan da za ta sa ranar ba wanda zai goge su sai shi, ba kuma wanda zai kai mata sai shi. Ya goge su, ya naɗe a farar takarda, ya sa rigarsa ta taron iyaye, ya hau mota.

A baranda suka yi kiciɓis da Farfesa. Gajeren dattijo ne mai sanƙo, hannun rigarsa duk ƙurar alli, yana sauri zai shiga aji, fuskarsa cike da fara'a. Ya kama hannun Baba Tsaf da hannu biyu, ya ce yau da safen nan shi da 'yarsa suka kama wutsiyar abin da suka daɗe suna bi. Sannan ya tambaye shi wace sana'a yake yi.

"Harkar tufafi, ranka ya daɗe."

Auta ta dubi ƙasa. Farfesa ya ce madalla, ya wuce.

Ta kai shi ɗakin da suke aiki, ta ba shi kujera, ta ce ya jira ta, za ta kai wasu takardu ofis ta dawo. Ɗakin ba shi da girma: tebura biyu cike da littattafai, famfo da wurin wanke hannu a kusurwa, sai baƙin allo da ya cinye bango guda. Allon ne ya hana shi zama. Daga sama an jera 'yan kibiyoyi da farin alli, wasu na kallon sama wasu ƙasa, a tsakaninsu an dangwala wani jan tabo, an murje shi da yatsa, an sake dangwala shi gaba kaɗan, an sake murjewa, har jan ya yi dama-dama da layin. Ƙarƙashin wannan kuwa rubutu ne kan rubutu, wani an soke, wani an shafe rabinsa da gefen hannu, ga shatin yatsu ko'ina, ga garin alli ya taru a bakin katako. Ya tuna manyan malamai za su shigo ɗakin nan. Ya tuna malamin nan na taron iyaye. Ya ga kamar yana jin wani na cewa, ai dama an ce 'yar mai wanki ce, wanzami ba ya son jarfa. Darasi dai an gama, tunda malamin ya tafi wani aji. A ajin da ya sani kuwa, idan an gama darasi babba ne ke tashi.

Ya naɗe hannun riga, ya zaro tsummansa, ya jiƙa a famfo, ya matse. Daga sama ya faro kamar yadda ya saba. Jan ne ya ba shi wahala, sai da ya koma masa sau da yawa. A can kusurwar dama ta sama akwai wasu 'yan kalmomi da manyan baƙaƙe, an kewaye su da layi. Ya bi su da yatsa, baƙaƙen duk ya san su, amma da ya haɗa sai suka ƙi ba da ma'ana. Ya yanke cewa sunan mai ɗakin ne, sunan mutum kuwa ba a goge shi. Ya zagaye su a hankali, ya bar su. Da ya gama ya ja da baya ya duba, ya ɗora tafin hannu a kan katakon, ya faɗi kalmarsa a hankali. Ya ninke tsumman ya mayar aljihu, ya fita neman bayi.

Ya ɗan ɓata hanya a dawowa. Tun daga nesa ya ji murya na tashi. Farfesa na tsaye a gaban allon, fara'ar nan ta ɗazu babu ko alamarta, yana nuna kusurwar dama yana faɗa cikin harshen makaranta. An kira matar da ke share ɗakunan, wata mai matsakaicin shekaru da tsintsiya a hannu, tana rantsuwa tana cewa tun da aka ja mata kunne shekarun baya ko kusa da allon nan ba ta zuwa. Shugaban masu shara ya ce ita kaɗai ke da mukulli banda masu ɗakin, ta miƙo shi ta tafi gida sai an bincika. Daga abin da ake faɗa da harshen da yake ji, Baba Tsaf ya tsinci sauran: abin da aka rubuta da safen nan ba a kwafe shi ko'ina ba, don Farfesa ba ya yarda a ɗauki lissafi a takarda ko a hoto sai ya kwana ya nuna.

Yana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya dube shi, don wa zai zargi dattijo mai harkar tufafi? Auta ce kaɗai ta juyo. Ba fuskarsa ta kalla ba, aljihunsa ta kalla. Ya bi idonta. Danshin tsumman ya huda farar rigar, ya yi wani zagaye mai ja-ja kamar an ɗiga jini a ruwa. Ya ɗora hannu ya rufe. Ya buɗe baki, sai ya tuna kalmomin nan biyu, harkar tufafi, da ya faɗa wa Farfesa a baranda, ya mayar ya rufe. Matar ta wuce ta gefensa tana share hawaye da bakin mayafi, har ta ce masa sannu Baba, ya matsa mata.

Auta ta raka shi tasha. Da ya isa gida ya jiƙa rigar. Tabon ya fita nan take, ko sabulu bai nema ba, wannan kuwa ya fi komai ƙona masa rai.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Ya daina zuwa benci. Ya bar dutsen guga a kan rigar wani direba har ta yi shatin ƙuna, shi da bai taɓa ƙona ko hankici ba. Tela ya leƙo ya ce ruwa ba ya tsami banza, ko dai wata bazawara ce ta ƙi shi. Da ya ga ba a yi dariya ba sai ya ja kujera ya zauna, Baba Tsaf ya faɗa masa komai, banda sunan karatun. Tela ya jinjina kai ya ce garin gyaran gira an tsokane ido. Ya ce shi dai da shi ne, shiru zai yi, tunda bango ba ya ba da shaida. Sai ya dubi fuskar abokinsa ya ce amma shi ba Tsaf ba ne, shi tela ne, ya saba da ɓoye ɓaraka a cikin kalmasa.

Ranar hutu Auta ta zo. Ta tarar da zannuwan gado a kan igiya, ta kama kusurwa biyu kamar kullum. Suka ninke na farko da na biyu. A na uku ta ce matar nan ba a mayar da ita ba, kuma ita ce ke riƙe da gidansu, mijinta na kwance. Ta ce ta yanke shawara gobe za ta je ta ce wa Farfesa ita ce ta goge, bisa kuskure. Ya tambaye ta me zai biyo baya. Ta ce wataƙila ya yafe, wataƙila kuma ya ce ɗalibar da ba ta san darajar allo ba ba ta cancanci zama a ɗakinsa ba. Mutum ne mai kirki, in ji ta, amma ba ya mantuwa.

Suka matso da kusurwoyin suka haɗa, hannunsa ya taɓa nata.

"Uwata, ba ki tambaye ni ba."

"Ba a yi wa uba irin wannan tambayar, Baba."

Ya karɓi zanin ya ɗora a kan tebur. Bai ce tsaf ba.

Washegari da safe ya riga ta fita. Farar rigar na rataye, ya dube ta ya bar ta, ya tafi da rigar aikinsa, wadda ruwan bilic ya yi wa dabbare-dabbare a hannu. A mota ya yi ta shirya jawabi, yana jera shi kamar yadda malamin ajin manya ya koya musu, da gabatarwa da kammalawa. Da ya tsaya a gaban Farfesa duk ya zube. Allon ya sake cika rabi da sabon rubutu, amma ƙasansa baƙi ne fayau, dattijon na zaune yana kallon wurin da alli a hannu.

"Ranka ya daɗe, ranar nan na ce maka harkar tufafi nake yi. Wanki nake yi, wanki da guga. Ga hannuna." Ya miƙa su, fatar ta yi fari ta tattare saboda sabulu. "Ni na wanke allon nan. Matar nan ba ta taɓa shi ba, 'yata ma ba ta taɓa shi ba. Na ga datti ne na goge."

Farfesa ya ajiye allin, bai ɗaga murya ba. Baba Tsaf ya so a ce faɗa ya yi, don faɗa yana da ƙarshe. Da ya buɗe baki a hankali ya yi magana. Ya ce farkon lissafin da tsakiyarsa sun dawo, amma matakin ƙarshe, wanda ya zo masa da safen nan kamar an raɗa masa a kunne, ya ƙi dawowa, don haka ya riga ya rubuta wa baƙin malaman cewa an ɗaga jarrabawar Auta sai wani zangon. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne an kori baiwar Allah a kan idon wanda ya san gaskiya. Baba Tsaf ya ce haka ne. Bai nemi kujera ba, ba a kuma ba shi ba.

Can Farfesa ya dubi allon ya ce, gaskiya dai a faɗe ta, tun da aka kafa shi bai taɓa yin baƙi irin na ranar ba. Sannan ya nuna kusurwar dama, inda kalmomin nan suke har yanzu a cikin kewayensu, ya tambaye shi me ya sa ya bar waɗannan.

"Na ɗauka sunanka ne, ranka ya daɗe. Ba a goge sunan mutum."

Farfesa ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Cewa aka yi, kada a goge."

Baba Tsaf ya sha jin ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, shi ma ya sha faɗa wa 'yan ajinsu da murya irin ta wanda ya tsallake. A ranar ya san bai tsallake ba, bakin ruwan kawai ya taka. Ya tsaya yana kallon baƙaƙen da ya san kowane ɗayansu da sunansa, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

A ranar aka aika aka kira matar, aka mayar mata da mukullinta. Ya jira ta a baranda, ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa siminti, shi da a shekaru ya isa ya haife ta, ya nemi gafara. Ta ce ya tashi don Allah kada ya ja mata wani laifin. Ta ce ta yafe, amma kwanakin nan da ta yi ba barci ba mai mayar mata da su. Har ta juya sai ta dawo, ta rage murya ta ce da ya tambaye ta tun farko da ta faɗa masa, ita ma shekara da shekaru tana wuce allon nan hannunta na ƙaiƙayi, shi dai ya riga ta ne kawai.

Auta ta iso ta tarar an gama. Ta raka shi tasha kamar wancan karon. Suna tsaye suna jiran mota ya ce, ba tare da ya dube ta ba, ashe shi ne baƙuwar ƙwayar da take faɗa: saƙo ya taso tun daga farko lafiya, ya zo kansa ya tsaya.

Ta ce ba haka lissafin ya ce ba. Ta ce a tsakiyar jeri baƙuwa ɓarna take yi, wannan kowa ya sani. Abin da ita da Farfesa suke zato shi ne idan a bakin jerin take, daga inda saƙo ke tasowa, kuma ƙarfinta ya yi daidai, tana iya sa saƙon ya isa da kyau fiye da in babu ita. Ya tambaye ta ko sun tabbatar.

"Shi ne abin da ka goge, Baba."

Mota ta zo, ya shiga.

Da yammar ranar ya koma benci. Bai jira an tambaye shi ba, ya ce wa dattawan zancen wayar nan da ya daɗe yana yi musu, gaskiya ce da ya yi wa guga har ta ƙone. Abin da 'yarsa ke karantawa sunansa datti, kuma dattin nan manyan malamai ke tahowa daga nesa don su ji labarinsa. Kowa ya shiga neman inda zai sa idonsa. Tela ne ya cire zare daga baki ya ce to ai sai a yi wa yarinya barka, kyan ɗa ya gaji ubansa. Bambancin kawai shi ne uban na korar datti, 'yar na ba shi masauki.

Sai da zango ya juya Auta ta samo matakin da ya ɓata, ta wata hanyar dabam, ita kaɗai, kuma zatonsu ya tabbata. Ranar jarrabawar ya sake goge mata kayan, ya je, ya zauna a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, hannayensa biyu a matse tsakanin gwiwoyi, aljihunsa babu tsumma. Bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Da aka tashi wani baƙon malami ya tambaye shi sana'arsa, ya ce masa wanki da guga. Bai taɓa tambayar Auta ko shi a tsakiyar jerin yake ko a bakinsa ba, ita ma ba ta ce ba.

Har yau shagon na nan kafin kwalbati, sai dai aikin ya ragu saboda ƙafa. Masu kai masa wanki sun san shi da wata sabuwar ɗabi'a da ta same shi da tsufa, wasu na dariya, wasu na cewa rikicin shekaru ne. Idan ka miƙa masa riga, sai ya shimfiɗa ta a kan bargon, ya bi ta da ido tun daga wuya har ƙasa, in ya ga tabo ya ɗora yatsa a gefensa ya ɗago ya dube ka.

"Wannan fa," yakan ce, "na cirewa ne, ko da aikin da yake yi?"